Tsohon Babur da Ciwon Zafi

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar abin hawa, kuma ya daɗe da sanin cewa abin hawa yana ciwo kamar yadda mai shi yake yi. Iyayenmu da suka riƙe doki da jaki ba su yi karatun likitan dabbobi ba, amma idan dabba ta ƙi kiwo sukan duba idonta, su saurari numfashinta, su binciki kashinta, kafin su ce ga abin da yake damun ta. A yau babur ya gaje matsayin waɗannan dabbobi a yawancin gidajenmu. Tun daga ranar 27 ga watan Agusta na shekarar 1991, lokacin da aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano aka mai da Dutse babban birninta, zirga-zirga ta ƙaru tsakanin Dutse da garuruwan da suke kewaye da ita, irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Malamin firamare da ma'aikacin asibitin ƙauye da manomi mai kai gero kasuwar Shuwarin da ɗan acaɓa, duk a kan babur rayuwarsu take tafiya. Saboda haka lafiyar babur ba ƙaramar magana ba ce a wannan yanki, domin idan ya kwanta, sau da yawa tukunyar gidan ma takan kwanta tare da shi.

Ina cikin masu tsohon babur. Nawa ƙirar Honda ne, samfurin CG125, wanda na saya na hannu tun ina ƙaramin malami, kuma har yau da shi nake zuwa gona da ziyarar dangi a ƙauyukan da mota ba ta jin daɗin shiga da damina. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara fitar da wannan samfuri a shekarar 1975, bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana ɗora wa babur kaya fiye da kima, ana bin hanyoyi masu ƙura da shi, kuma ba a yi masa juye a kan lokaci. Don haka aka ƙera masa inji mai sauƙin gyara, mai jure wahala. Ba shi da lagireto, wato ba ruwa ne yake sanyaya shi ba. Iskar da take bugun haƙarƙarin injin yayin tafiya, da baƙin man da yake zagayawa a cikinsa, su ne kaɗai suke ɗauke masa zafi. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa ya fahimci rabin abin da zan faɗa.

Alamomin ciwo

A wata bazara, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Dutse yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, babur ɗin ya fito da wasu halaye da ban san shi da su ba. Da safe sai an ja cok an daɗe ana buga kik kafin ya tashi. Idan ya tashi kuma na saki totur, maimakon ƙarar ta sauka nan take, sai ta tsaya a sama tana lilo na ɗan lokaci. A kan hanya, duk lokacin da na rage gudu, sai salansa ta riƙa yin tas-tas kamar ana soya gurguru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kafin in kai Kiyawa daga Dutse ta kan Shuwarin, zafin injin yakan ratso wando har ya taɓa ƙwauri, ƙarfinsa ya ragu, ana jin wata 'yar siririyar ƙara a cikinsa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Shawarwari suka yi ta zuwa kyauta. Wani ya ce tsufa ne, in sayar in huta. Wani ya ce ringi ne ya mutu, sai an sauke inji. Wani yaro a bakin titi ya sake mini fulogi, ya murɗa sukurun silo, ya karɓi kuɗinsa, ciwon kuwa yana nan. Daga baya wani abokin aikina ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da yake da rumfa a gindin wata bishiyar maina a cikin Dutse, mutumin da ya koyi sana'ar a Kano tun zamanin da Besfa take tashe.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki sifana ba. Tambayoyi ya fara yi. "Malam, yaushe ya fara? A ina kake shan mai? Da sanyi ya fi damun ka ko in ya yi zafi? In ka ja cok kana tafiya, daɗi yake ƙarawa ko shaƙewa yake yi?" Na ce masa, "Baba, in na ja cok kaɗan sai in ji ya ɗan ware." Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yunwa yake ji. Iska ta yi masa yawa, mai ya yi masa kaɗan. Saura mu gano ta ina iskar take shiga, ko kuma me ya tare man."

Yadda kafireta take aiki

Domin mai karatu ya gane dalilin wannan hukunci, ya kamata a ɗan yi bayanin kafireta. Inji ba ya ƙona fetur yana ruwa. Sai an fesa shi ya gauraya da iska, sannan fulogi ya ba shi tartsatsi ya kama. Aikin kafireta shi ne wannan haɗi. Wanda ya san tsohon famfon filit da ake fesa wa sauro ya san sirrinta: iska ce take wucewa da gudu ta kan bakin wani siririn bututu, sai ta zuƙo ruwan da yake ƙasa ta watsa shi. Wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Giovanni Venturi ya yi bayanin wannan hali na ruwa da iska a cikin matsattsen wuri a shekarar 1797, sannan Wilhelm Maybach na ƙasar Jamus ya ƙera kafireta mai fesawa a 1893, wadda ita ce kakar waɗanda muke gani a yau.

Masana sun auna cewa fetur yana ƙonewa sarai idan an haɗa kashi 1 nasa da kashi 14.7 na iska, a bisa nauyi. Idan mai ya fi haka yawa, inji zai riƙa fitar da baƙin hayaƙi, yana warin ɗanyen fetur, yana shan mai kamar rariya. Idan kuwa iska ce ta rinjaya, zafi zai taru a kan fistin da bawul, domin ɗan rarar man da yake shiga inji yana taimakawa wajen sanyaya shi, kuma haɗin da ya yi tsinkai yakan daɗe yana ci, har wutar ta biyo hanyar salansa. Wannan ne asalin tas-tas ɗin da nake ji.

A cikin kafireta akwai ƙofofi uku da mai yake bi, kowace da lokacinta. Ƙaramin jet shi yake ciyar da inji daga silo zuwa kusan rubu'in totur. Daga nan sai allura ta karɓa har zuwa kashi uku cikin huɗu. Idan an murɗe totur gaba ɗaya, babban jet ne yake aiki. A ƙasansu akwai ƙoƙon da mai yake taruwa, da fulot da yake tashi ya rufe hanya idan ƙoƙon ya cika. Ashe ke nan tambayar da dattijon ya yi game da lokacin da ciwon yake tashi ba ta cika baki ba ce. Sanin matsayin totur a lokacin da babur yake gardama shi ne yake nuna wace ƙofa za a fara dubawa.

Shaidar fulogi

Da injin ya huce sai ya kwance fulogi ya miƙo mini. Bakinsa fari fat, kamar an shafa masa alli. Ya ce, "Malam, wannan shi ne harshen babur. Likita ba cewa yake yi ka fito da harshenka ba? In ka gan shi ruwan ƙasa-ƙasa, kalar shayin da aka zuba wa madara, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya busasshiya, mai ya yi yawa. In baƙin ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai yana hawowa, nan ne za a yi maganar ringi. In ya yi fari irin wannan, wuta ce take cin sa." Da wannan shaida ɗaya maganar sauke inji ta faɗi, kuma kuɗin da ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci ya tsaya a aljihuna.

Ya mayar da fulogin, ya tayar da babur, ya bar shi a silo. Sai ya ɗiga ɗan fetur da tsinke a jikin robar da ta haɗa kafireta da inji. Nan take ƙarar injin ta sauya. Wannan gwaji ne mai haɗari, wanda ba a yin sa a kan inji mai zafi ko kusa da wuta, amma ya nuna abin da ake nema. Da aka cire robar aka lanƙwasa ta, sai ga tsaga a ƙarƙashinta inda ido ba ya kaiwa. Shekaru da zafin rana sun busar da ita. Ta wannan tsaga iska take shiga inji a ɓoye, ba ta bi ta kan jet ba balle ta ɗauko rabonta na mai.

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe ƙoƙon kafireta, muka tarar da jan laka da ɗigon ruwa a gindinsa. Ya ɗaga ƙaramin jet ya kalli rana ta cikinsa, hasken da kyar yake fitowa. Ya wanke shi da fetur, ya hura shi da iska, ya kuma hana yaronsa zura masa waya, domin waya tana faɗaɗa ramin, wanda bai fi kaurin zare ba, ta ɓata awon da aka yi masa tun daga masana'anta. Irin wannan datti daga tsatsar tanki yake zuwa, ko daga man da ake saya a galan da kwalba a bakin hanya. Har a gidajen mai ma ba kullum ake tsira ba. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu na shekarar 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, ababen hawa da dama suka lalace, aka kuma shiga dogayen layuka kafin a janye shi.

Sai da ya sake robar, ya wanke kafireta da soson iyakilina, sannan ya taɓa sukurun haɗi. Ya bar injin ya ɗumama, ya murɗa sukurun a hankali yana kasa kunne, har ya kai inda ƙarar ta fi tashi kuma ta fi daidaita, daga nan ya sauke silo. Ya koya wa yaransa wata ƙa'ida a gabana: idan sukurun yana ɓangaren inji, mai yake saki, warware shi ƙarin mai ne, idan yana ɓangaren iyakilina, iska yake saki, warware shi ƙarin iska ne. Wanda bai bambance waɗannan biyu ba zai yi ta murɗawa yana ƙara wa ciwo gishiri. Babban darasin kuma shi ne, saiti shi ne aikin ƙarshe. Kafiretar da iska take shiga ta bayanta, ko jet ɗinta ya toshe, ba ta karɓar saiti ko da za a kwana ana murɗa ta.

Sauran hanyoyin zafi

Ba kowane zafi ne laifin kafireta ba, kuma dattijon bai sallame ni ba sai da ya bi sauran hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya duba baƙin mai, domin injin irin wannan bai fi lita ɗaya yake ɗauka ba, raguwar kofi guda ma babbar raguwa ce. Ya kankare busasshen taɓon damina da ya cike tsakanin haƙarƙarin injin, wanda ya zama masa bargo a tsakiyar bazara. Ya auna tazarar bawul da siririn ƙarfen awo, domin bawul ɗin da ya matse ba ya zama daram a mazauninsa, kuma ta wannan zama ne yake sauke zafinsa. Ya juya tayoyi ya tabbatar birki ba ya riƙewa, ya kuma gwada kuloci ko yana sulɓewa. Ya ƙara da cewa taimin da ya yi gaggawa, da fulogin da ba na injin ba, da ɗora buhu uku a kan babur ɗin da aka yi domin mutum biyu, da barin sa yana aiki a tsaye ana hira, duk suna kawo zafi.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta tsayawa a yayyafa wa inji ruwan leda idan ya yi zafi. Ƙarfe da alminiyon da suka buɗe saboda zafi, idan sanyi ya same su farat ɗaya, suna iya karkacewa ko su tsage. Maganin injin da ya yi zafi shi ne a kashe shi a inuwa a yi haƙuri.

Yanayin ƙasarmu ma yana da hannu. Da hunturu iska takan yi sanyi ta yi nauyi, ga ƙura da take toshe soson iyakilina cikin 'yan makonni. Idan soson ya toshe, babur yakan shaƙe ya ƙara shan mai, sai wasu su cire shi su yar. A ranar babur zai yi kamar ya warke, amma daga nan iska ta yi yawa, kuma yashi ya sami hanyar shiga yana goge cikin silinda kamar samfefa. Wanke soson, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse, bai fi aikin minti goma ba.

Matse mai

Dalilin da ya sa na ga wannan batu ya cancanci a rubuta shi ya wuce babur ɗina. A ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya, cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga abin da bai kai naira 200 ba zuwa fiye da naira 500, daga baya ma ya wuce haka nesa. Tun daga lokacin, buƙatar da nake yawan ji a rumfunan kanikawa ita ce, "Oga, a matse mini mai." Sai a sauke allura, ko a sa ƙaramin jet, ko a ɗaure sukurun haɗi, domin lita ɗaya ta yi nisa. Babu mai zargin ɗan acaɓan da yake lissafin abin da zai kai wa mai babur da yamma da abin da zai kai gida. Sai dai matsewar tana da iyaka. Idan an wuce ta, abin da aka rage a gidan mai za a biya shi ninki wajen sayen fistin da ringi da bawul, ranar da aka ce inji ya buga. An je neman ƙiba an samo rama. Hanyar rage shan mai da ba ta cutarwa a fili take: iska isasshiya a taya, sarƙa mai maiƙo, iyakilina mai tsabta, fulot da ba ya yoyo, da hannu mai sauƙi a kan totur.

Abin da ɗalibin harshe zai tsinta

A matsayina na malamin kimiyyar harshe, zaman rumfar nan ya ba ni abin da ba na samu a ɗakin karatu. Kusan duk sunayen sassan babur aro ne daga Ingilishi, amma bakin Bahaushe ya sake musu ƙira bisa tsarin sautinsa. Inda asalin kalmar yake da sautin "p", sai ya koma "f", kamar a fulogi da fistin. Inda yake da "v", sai ya koma "b", kamar a bawul. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma, sai a raba su da wasali, kamar a birki da kuloci da sifana, kuma galibi a rufe kalmar da wasali, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe.

Abin lura shi ne, sunaye aka ara, ba a ari aikatau ba. Idan aka zo bayanin ciwo, bakanike komawa yake yi ga kalmomin jikin mutum da na dabba. Babur yana tashi, yana mutuwa, yana shan mai, yana tari, yana shaƙewa, yana jin yunwa. Haka kuma yana dogara da amsa-kama, irin su tas-tas da ƙyar-ƙyar da fat-fat, kuma kowace tana nuni da wani ciwo na daban a kunnen wanda ya sani. Wannan ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin fasaha dalla-dalla, domin ga shi ana koyar da ita da Hausa kullum a gindin bishiya, ga yaran da da yawansu ba su gama firamare ba. Abin da ya rage shi ne rubutawa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Ƙasar Indiya, inda ake ƙera Bajaj Boxer da ya cika titunanmu, ta tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilu na shekarar 2020, abin da ya sa yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can suka koma amfani da na'urar fesa mai ta lantarki. Ko ba daɗe ko ba jima irinsu za su yawaita a Dutse, kuma gyaransu zai buƙaci na'urar bincike da karatu. Amma tsarin da dattijon nan ya bi ba zai tsufa ba: a yi tambaya, a saurara, a nemi shaida, a fara da abu mai sauƙi da araha, a sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Da wannan tsari ake binciken kowane ilimi, har da na harshe.

Ina kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin kammala karatu da su leƙa rumfunan kanikawa da maƙera da masu gyaran injin ban-ruwa a Dutse da Kiyawa da Jahun. Su zauna da ladabi, su tattara kalmomin da ake amfani da su, su rubuta ma'anarsu yadda masu sana'ar suka faɗa, tun dattawan da suka san su suna raye. Idan aka yi haka, wata rana yaron da yake koyon gyara zai sami littafin da zai duba da harshen da yake tunani da shi, mai babur kuma zai san abin da zai tambaya kafin ya yarda a sauke masa inji.